Isra'iliyyat A Majalisan Tafsiri: Mu Tace Labarin, Mu Yi Wa Mutanen Adalci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da Alƙur'ani ya ɗauki alƙawarin tsare shi. Tsira da aminci su tabbata ga cikamakin Annabawa, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da masu bin su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka: duk mai bin majalisan tafsiri da wa'azi a wannan yanki namu, daga Bagudo zuwa Ka'oje, Zagga, Illo da Lolo, har ƙetaren iyaka zuwa Malanbil da Segbana a Jamhuriyar Benin, zai iya lura da wasu ɗabi'u biyu da suke haɗuwa a bakin mai wa'azi ɗaya. Idan alaramma ya ja baƙi aka iso ƙissar wani Annabi, sai malam ya ajiye ayar ya buɗe jakar labarai: sunan karen mutanen kogo, irin katakon jirgin Annabi Nuhu, tsawon ƙaton da ya gagari ruwan ɗufana. Idan kuma aka iso ayar da ta ambaci Bani Isra'ila, sai ya haɗa Yahudawan duniya, na da da na yanzu, mai laifi da marar laifi, ya yanke musu hukunci ɗaya. Abin mamaki shi ne, galibin labaran da ya gama zubawa da farko daga wurinsu aka samo su.

Ra'ayinmu shi ne wannan hanya juyin waina ce ga hanyar magabata. Su sun tace labarin da ya zo daga Ahlul Kitabi, suka yi wa mutanen adalci. Mu kuwa muna haɗiye labarin ba tacewa, muna yi wa mutanen kuɗin goro. Dukkan biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya: yin magana ba tare da tabbatarwa ba.

Al'amarin ya fi nauyi a bakin iyaka. Abin da aka faɗa da Hausa a masallacin Illo yau, gobe an fassara shi da Dandanci ko Fulatanci a wani ƙauye bayan Lolo, jibi yana cikin katin waya ana sauraronsa a motar Kandi. Magana zarar bunu ce. Mai sauraro na can ba shi da littafin da zai duba, ba shi kuma da hanyar dawowa ya tambaya.

Mece ce Isra'iliyyat, kuma daga ina take?

Isra'iliyyat suna ne da malamai suka ba labaran da suka shigo littattafan tafsiri da tarihi daga Ahlul Kitabi, mafi yawansu daga Yahudawa. Da yawa daga masu sauraro suna zaton duk abin da aka ce ya fito daga Bani Isra'ila to daga Attaurar Annabi Musa yake. Ba haka ba ne, kuma sanin wannan shi ne rabin maganin.

Littafin da Yahudawa suke riƙe da shi, wanda suke kira Tanak, littattafai 24 ne a ƙidayarsu, a kashi uku: Attaura mai littattafai biyar, sai littattafan Annabawa, sai sauran rubuce-rubuce waɗanda Zabura take cikinsu. Bayan wannan suna da abin da suke kira koyarwar baka. Wani babban malaminsu mai suna Yahuza Hanasi ya tattara hukunce-hukuncenta wajen shekara ta 200 Miladiyya a littafin da ake kira Mishna. Malamansu suka yi ta sharhi da muhawara a kanta har aka sami Talmud guda biyu: na Falasɗinu da aka kammala wajen shekara ta 400, da na Babila a ƙasar Iraƙi wanda ya biyo baya kuma ya fi girma. Akwai kuma Midrash, wato sharhin masu wa'azinsu, mai cike da hikayoyi da misalai don cike gurbin abin da nassi bai faɗa ba. A cikin Talmud kansa suna rarrabe hukunci da hikaya, kuma ba su ba su nauyi ɗaya.

Ga misali. Attaurar da ke hannunsu ta ambaci wani sarki mai suna Og, ta ce gadonsa na ƙarfe kamu tara ne a tsawo. Talmud na Babila, a babin Berakot, ya ƙara hikayar cewa ya ciccibo dutse don ya danne rundunar Bani Isra'ila, kuma Annabi Musa mai tsawon kamu goma ya ɗauki gatari mai kamu goma ya yi tsallen kamu goma, amma idon sawunsa kawai ya sara. Da labarin ya iso littattafan ƙissoshi na Larabci sai ya zama Uju bin Unuƙ, mai tsawon kamu dubu uku da ɗari uku da talatin da uku, wanda yake kamo kifi a teku ya gasa a jikin rana, wanda kuma ya tsira daga ɗufana. Ibn Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan Hijira, ya yi watsi da shi da hujja biyu: ingantaccen hadisi ya nuna tsawon Annabi Adamu kamu sittin ne kuma halitta raguwa take yi tun daga nan, sannan Alƙur'ani ya tabbatar da cewa babu kafirin da ya tsira daga ɗufana. Hikayar da masu ita suka ajiye a matsayin hikaya, mu muka ɗora ta a mumbari.

Mutanen da suka ɗauko ta

Adalci ne a san su, domin ba maƙaryata ba ne. Na farko Abdullahi bin Salam (R.A), malamin Bani Ƙainuƙa'a, wanda ya musulunta da isowar Manzon Allah (S.A.W) Madina, ya rasu a shekara ta 43. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'adu bin Abi Waƙƙas cewa an yi masa bushara da Aljanna yana raye. Na biyu Ka'abul Ahbar, Bahimyare daga Yaman, wanda ya musulunta bayan wafatin Annabi, ya zo Madina a zamanin Umar, ya rasu a Himsa a ƙarshen halifancin Usman. Na uku Wahbu bin Munabbih, alƙalin San'a'a, tabi'i mai yawan karanta littattafan da. Ibn Taimiyya ya ambata kuma cewa Abdullahi bin Amru bin As (R.A) ya sami kayan raƙumi biyu na littattafan Ahlul Kitabi a ranar Yarmuk, kuma yana ba da labari daga cikinsu bisa iznin da ya fahimta.

Ibn Khaldun ya bayyana dalilin yaɗuwar abin a Muƙaddimarsa. Larabawa a farko ba ma'abota littafi ba ne. Idan ransu ya so sanin farkon halitta da labaran mutanen da, sai su tambayi waɗanda suke kusa da su na Ahlul Kitabi, waɗanda su ma galibi abin da gama-garin mutanensu suka sani kawai suka sani. Da yake abin bai shafi halal da haram ba, sai aka sassauta wajen karɓa.

Amma sahabbai ba su yi barci ba. Buhari ya kawo cewa Mu'awiya (R.A) ya yabi Ka'abu da cewa yana cikin mafi gaskiyar masu ba da labari daga Ahlul Kitabi, duk da haka sun jarraba sun sami abin da ba daidai ba a labaransa. Malamai suka ce laifin na littattafan da yake ɗaukowa ne. Buhari ya kawo kuma cewa Ibn Abbas (R.A) ya yi wa mutane faɗa a kan tambayar Ahlul Kitabi alhali littafinsu shi ne mafi kusa da sauka kuma ba a gauraya shi ba. Imam Muslim, a littafinsa Attamyiz, ya ruwaito gargaɗin tabi'i Busru bin Sa'id: suna zama da Abu Huraira (R.A) ya ba su hadisi daga Annabi, ya ba su labari daga Ka'abu, bayan ya tashi sai a ji wasu sun mayar da maganar Ka'abu ta Annabi, ta Annabi kuma ta Ka'abu. Idan wannan ya faru a Madina, a majalisin sahabbi, me muke zato game da wa'azin da ya ratsa harsuna uku kafin ya isa kunnen manomi a bakin Kwara?

Ma'aunin da aka bar mana

Hadisai biyu ne a Buhari suka kafa ma'aunin. Na Abdullahi bin Amru ya ba da iznin ba da labari daga Bani Isra'ila, kuma shi wannan hadisin ne ya ƙare da yi wa mai ƙirƙira wa Annabi ƙarya alƙawarin wuta. Masu kafa hujja da farkonsa su riƙa karanta ƙarshensa. Na Abu Huraira kuwa ya nuna Ahlul Kitabi suna karanta Attaura da Ibrananci suna fassara wa Musulmi da Larabci, sai aka hana gaskata su aka kuma hana ƙaryata su. Ibn Hajar ya naƙalto a Fathul Bari cewa Imam Malik ya fassara iznin da abin da yake kyakkyawa, ban da abin da aka san ƙarya ne.

Daga nan Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya kasa Isra'iliyyat uku, almajirinsa Ibn Kasir ya bi shi a gabatarwar tafsirinsa. Akwai wanda Alƙur'ani ko Sunna suka gaskata, to gaskiya ne, kuma abin da ke hannunmu ya wadatar. Akwai wanda suka ƙaryata, to ba a faɗinsa sai don a rushe shi. Akwai wanda suka yi shiru a kansa, to ana iya ba da shi, ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi, kuma galibinsa ba shi da amfanin addini. Malamin hadisin nan na Masar, Ahmad Shakir, ya ƙara wata lura mai kyau: ba da labari abu ne, ɗora shi a gefen aya a matsayin ma'anarta wani abu ne daban, domin mai sauraro zai ɗauka an gaskata shi ke nan.

Mutanen Illo sun san wannan bambanci tun ba yau ba. Suna ba da labarin Kisra da zuriyarsa da aka ce su suka kafa sarautun Busa da Nikki da Illo. Gado ne na kaka da kakanni, yana da wurin faɗinsa da masu faɗinsa, amma ba wanda yake kawo shi bayan alaramma ya ja baƙi ya ce ga abin da Allah yake nufi. Kashi na uku na Isra'iliyyat iyakar matsayinsa ke nan.

Kashi na biyu shi ne mai haɗari, domin yana taɓa mutuncin Annabawa. A cikin Suratu Sad, aya ta 21 zuwa 25, Allah ya ba da labarin masu husuma biyu da suka haura wa Annabi Dawud (A.S) ɗakin ibadarsa da ƙarar tumaki. Wasu littattafai suka liƙa wa ayoyin labarin cewa ya ƙyalla ido a kan matar wani sojansa mai suna Uriya, har wasu ruwayoyin suka ce ya tura mijin gaba a yaƙi don a kashe shi. Asalin wannan yana cikin littafin Sama'ila na biyu, babi na 11 da na 12, a littattafan Ahlul Kitabi. Ibn Kasir ya ce yawancinsa Isra'iliyyat ne kuma babu ingantaccen hadisi a kai. Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 544, ya riga shi a littafin Ashafa, inda ya hana waiwayar abin da masu labarai suka ɗauko game da Annabi Dawud, domin babu nassin Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi a kansa.

A nan akwai abin lura ga ƙasarmu. Tafsirin Jalalaini, wanda shi ne aka fi jan tafsirin azumi da shi, ya kawo wani yanki na wannan labari a taƙaice, kamar yadda ya kawo labarin zoben Annabi Sulaiman da aljani Sakhru a aya ta 34. Ashafa kuma ana karanta ta a watan nan ɗaya, sau da yawa a gari ɗaya. Sai ka sami almajiri ya ji an kore labarin da hantsi, ya ji an tabbatar da shi bayan la'asar, kuma ba wanda ya daidaita masa. Faɗin wannan ba rage darajar Jalalul Mahalli da Jalalus Suyuɗi ba ne. Sun rubuta wa masu ilmi da suka san a ina ake tsayawa. Nauyin bayani yana kan wanda ya zauna gaban jama'a da littafin.

Illar ba ta tsaya ga aƙida ba. Yaron da ya ji wannan a bakin malam yau yana da waya a aljihu. Ranar da ya gano asalin labarin, ko wani maƙiyin Musulunci ya nuna masa, abin da zai fara tsagewa shi ne amincewarsa da malamai, kuma tsagar ba ta tsayawa a inda ta fara.

Adalci ga mutanen

Wani zai ce: ai Alƙur'ani da kansa ya zargi Yahudawa. Haƙiƙa ya zarge su, kuma ba mai ɓoye wannan. Ya ambaci kisan Annabawa, da warware alƙawari, da cin riba, da rubuta littafi da hannu a jingina wa Allah, da tsananin adawa ga muminai. Tarihi kuma ya rubuta abin da Bani Ƙainuƙa'a da Banin Nadir da Bani Ƙuraiza suka yi. Amma wannan Alƙur'anin shi ne ya ce a Ali Imrana, aya ta 113, Ahlul Kitabi ba daidai suke ba. Shi ne ya ce a aya ta 75 akwai mai amanar dukiya mai yawa a cikinsu, akwai kuma wanda ba ya mayar da dinari ɗaya. Shi ne ya hana a Ma'ida, aya ta 8, ƙiyayyar wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci. Ƙabilun nan uku ma ba rana ɗaya aka hukunta su ba: kowace da laifinta da shekararta, ta 2 da ta 4 da ta 5, kuma ba a kama wata da laifin wata ba.

Sira cike take da wannan. Ibn Ishaƙ ya ba da labarin Mukhairiƙ, malamin Yahudawa da ya fita ranar Uhudu ya yi yaƙi a gefen Annabi har aka kashe shi, bayan ya yi wasiyya da gonakinsa ga Annabi. Tirmizi ya ruwaito cewa da aka goranta wa Uwar Muminai Safiyya (R.A) asalinta, Annabi ya share mata hawaye da tuna mata cewa ita zuriyar Annabi Haruna ce, Annabi Musa baffanta ne, kuma matar Annabi ce. Buhari ya ruwaito cewa ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya gaida yaro Bayahude marar lafiya, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin Bayahude a kan sa'i talatin na sha'ir. Jalalaini kansa, a Suratun Nisa'i aya ta 105, ya kawo cewa ayoyin sun sauka ne a kan wani da ya saci sulke ya ɗora wa Bayahude, sai wahayi ya wanke Bayahuden. Kuma a Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Abdullahi bin Rawaha (R.A) da aka aika ƙiyasta dabinon Khaibara. Suka tara masa kayan adon mata don ya sassauta, ya ƙi, ya gaya musu cewa ƙin da yake yi musu ba zai sa ya zalunce su ba. Su da kansu suka amsa cewa da irin wannan ne sama da ƙasa suka tsayu.

Magabata ba su ji tsoron sanin abin da ke hannun Yahudawa ba. Annabi ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutunsu, ya koya cikin kusan rabin wata. Ibnun Nadim ya ambaci Sa'adiya Alfayyumi, wanda ya rasu a 942 Miladiyya kuma ya fassara Attaura zuwa Larabci, a cikin Alfihrist. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci a haruffan Ibrananci, ya yi aikin likita a fadar Ayyubawa, kuma Ibn Abi Usaibi'a ya sa shi a littafinsa na tarihin likitoci. Ibn Hazm, da zai yi raddi a Alfisal, sai da ya karanta littafin nasu ya bi shi wuri-wuri. Ko wanda ya yaba ko wanda ya soka, da karatu ya yi.

A tarihin ƙasashenmu ma akwai darasi. Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha a kan mulki, ya yi fatawa a ƙarshen ƙarni na 15 cewa Yahudawan Tuwat, a saharar Aljeriya ta yau, sun warware alƙawarin zimma. Aka rushe wurin ibadarsu a Tamanɗiɗ, aka zubar da jini. Amma alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya saɓa masa, malaman Magrib suka rabu biyu, kuma Alwansharisi ya adana fatawoyin ɓangarorin a Almi'iyar. A shekarun nan ɗaya, a 1492, Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya karɓi Yahudawan da aka kora daga Andalus. Girman Almagili a wurinmu bai hana a faɗi cewa malamai irinsa sun ga akasin abin da ya gani ba.

To Falasɗinu fa? Zaluncin da ake yi a can gaskiya ne, tun daga alƙawarin Balfo na 1917, da korar 1948, har zuwa dubun-dubatar rayukan da aka kashe a Gaza tun Oktoban 2023. Wajibi ne a faɗa a mumbari, a yi addu'a, a taimaka. Amma gaskiya ba ta bukatar ƙarya ta tallafe ta. Littafin nan da ake yawo da shi da sunan asiran dattawan Sahyoniya an fara buga shi a Rasha a 1903, kuma a 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna an kwafo shi ne daga wani littafin Faransanci na 1864 da bai ma shafi Yahudawa ba. Masanin nan Bamasare, Abdulwahab Almasiri, wanda ya kwashe shekaru yana rubuta kundi mai mujalladi takwas a kan Yahudawa da Yahudanci da Sahyoniyanci, kuma ba wanda zai tuhume shi da son Isra'ila, ya ce jabu ne. Ya kuma nace a kan rarrabe Yahudanci, wanda addini ne, da Sahyoniyanci, wanda harkar siyasa ce da ta yi babban taronta na farko a Basel a 1897. Akwai Yahudawan da suke zanga-zangar adawa da abin da ake yi a Gaza, akwai masanin tarihi Ilan Pappe da ya rubuta littafi a 2006 a kan korar Falasɗinawa. Wanda ya karanta Ali Imrana 113 ba zai yi mamakin wannan ba.

Wani kuma zai ce: ina Bayahude a Bagudo da har za a zalunce shi? Amsa ita ce harshen da ya saba yanke wa al'umma hukunci a dunƙule ba ya rasa abin yanka a gida. Yau malamin wata ƙungiya ne yaron Yahudawa, gobe makarantar 'ya'ya mata ce makircinsu, jibi allurar rigakafi. Mun ga abin da jita-jitar makirci ta jawo a 2003 da 2004, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta har da Benin. Kuma wannan harshe ne yake cewa duk Bafulatani ɗan fashi ne, duk manomi maƙiyin makiyayi ne. A yankin da masu ɗauke da makamai suke neman matasan da za su ruɗa da sunan addini, koya wa yaro ƙiyayya marar ma'auni share musu gona ne.

Abin da muke kira gare shi

Ƙasar nan tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, kuma tana da gadon da ya ishe ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat cewa yawon wa'azinsu da Shehu Usmanu ya kai su har ƙetaren Kwara zuwa Illo. Shi ne ya rubuta Liya'ut Ta'awili, tafsirin da ya kammala a 1231 Hijira, sannan Kifayatu Du'afa'is Sudan don masu ƙaramin ƙarfi. Ya kuma bar Miftahut Tafsir a kan ilmomin Alƙur'ani da Misbahur Rawi a kan ilmin hadisi. Ma'ana, ya bar tafsiri ya kuma bar kayan aunawa. Jikokinsa a ilmi ba su da uzurin ɗaukar ɗaya su bar ɗaya.

Don haka muna kira ga masu tafsiri da limamai, na ɗariƙa da na Izala da waɗanda ba su cikin kowace, da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kada a shiga majalisi da littafi ɗaya. Duk daren da za a karanta ƙissar Annabi, a duba Ibn Kasir da Ashafa a gefen Jalalaini. Wanda ya iya samun littafin Muhammad Husain Azzahabi ko na Muhammad Abu Shahba a kan Isra'iliyyat ya ajiye shi kusa.

Na biyu, a sanya wa kowace magana sunanta: wannan aya ce, wannan hadisi ne ingantacce, wannan maganar malami ce, wannan labarin Bani Isra'ila ne da ba mu gaskata ba mu ƙaryata. Mai fassara zuwa Dandanci ko Fulatanci ko Busanci ya fassara har da wannan alamar, domin ita ce take fara faɗuwa a hanya.

Na uku, abin da ya taɓa mutuncin Annabi ko Mala'ika, irin labarin Uriya da labarin Haruta da Maruta da Zahra wanda Ibn Kasir ya mayar da asalinsa ga Ka'abu, kada a faɗe shi sai tare da rushe shi a zama ɗaya.

Na huɗu, idan an zo ayoyin zargin Bani Isra'ila, a ambaci laifin da mai laifin, sannan a juyo da madubin. Annabi ya gargaɗe mu cewa za mu bi sawun waɗanda suka gabace mu taƙi da taƙi. Cin riba, da ɓoye ilmi, da sayar da fatawa, da hukunta talaka a ƙyale mai ƙarfi, duk suna nan a kasuwanninmu da kotunanmu. Majalisin da aka tashi kowa yana tsine wa mutanen nesa, ba wanda ya tuna mudun da ya tauye da safe, bai amfana da ayar ba.

Muna sane da cewa jama'a suna son labari, kuma mai wa'azin da ya rage gishiri yana iya ganin sahu ya ragu. Amma Allah ya kira abin da ya ba mu a Suratu Yusuf mafi kyawun labari, kuma a Suratul Kahfi, aya ta 22, ya hana Annabinsa tambayar kowa game da adadin mutanen kogo. Abin da ya bari bai faɗa ba, da akwai shiriya a cikinsa da ya faɗa. Ga masu sauraro kuma, tambayar malam inda ya samo magana ba rashin ladabi ba ne idan an yi ta da ladabi. Malamin gaskiya murna yake yi da ita.

Allah ya sa mu cikin masu sauraron magana su bi mafi kyawunta. Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba a kan littafinsa da Annabawansa da bayinsa. Ya yaye wa mutanen Falasɗinu da duk wanda ake zalunta, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Wallahu a'alam.